Yadda ake bin sauyin launin mesa daga ƙyanƙyasa har girma

Wata safiya cikin hunturu ɗan ƙanwata ya buga mini ƙofa tun rana ba ta gama fitowa ba, yana haki. "Kawu, fito, mesar nan ta makance!" Na zura takalmi na bi shi ɗakin da akwatinta yake. Da na ɗaga kaskon da take ɓuya a ƙarƙashinsa, sai ga ta a dunƙule, idanunta biyu sun yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga musu tsala, jikin nan da yake sheƙi a makon jiya ya koma kamar an barbaɗa masa toka. Na ce masa, "Kwantar da hankalinka, yaro, saɓa za ta yi. Ƙirga mini kwana goma." Ranar kwana na tara muka tarar da saɓar a naɗe a gefen kwanon ruwa, ita kuma tana ta ƙyalli, baƙin ya yi baƙi ƙirin, rawayar ta fito.

Sai dai ko a ranar, rawayar ba ta kai wadda ta zo da ita tana jaririya ba. Saboda launinta na sa mata suna Ɗorawa, don gefen jikinta a lokacin kamar garin ɗorawa yake. Yau da ta girma ta fi kusa da ruwan zuma mai duhu, kuma lafiyarta ƙalau.

Launin mesa yana sauyawa ta hanya uku. Akwai na saɓa, mai zuwa ya wuce cikin kwanaki. Akwai na shekaru, mai tafiya a hankali kuma ba ya komawa baya. Akwai na ciwo, wanda in ka yi sakaci da shi sai ka rasa dabbar. Duk aikin mai kiwo shi ne ya iya rarrabe su, kuma ido kaɗai ba ya isa, don wanda yake ganin abu kullum shi ne na ƙarshen lura da sauyinsa. Sai da littafi da hoto.

Fara da sanin wace mesa ce a hannunka

Mu Hausawa duk mesa muke ce musu, amma ba ɗaya ba ne. Babbar mesar da muka sani a fadamu da bakin kogi, wadda gardawa ke yawo da ita a kafaɗa, ita masana ke kira Python sebae. Ita ce maciji mafi girma a Afirka, tana iya wuce mita 5, ga ta da faɗa, kuma ba dabbar ɗaki ba ce. Wadda ake kiwo a gidaje a faɗin duniya ƙaramar ce, Python regius, mai dunƙule jikinta kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya in ta tsorata. Ba ta cika wuce mita 1 da rabi ba, macen ta fi namijin girma. Kuma 'yar yankinmu ce: daga Senegal har Sudan da Uganda ake samunta, ta ratsa Gana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru, a ramukan ɓeraye da tsofaffin suri. Yawancin waɗanda ake fitarwa zuwa Turai da Amurka daga Gana da Togo da Benin suke tashi. A garin Wida na Benin har ɗakin bauta gare su, a yankin Idemili na jihar Anambra kuma ba a kashe mesa.

Ta uku da zan taɓo ita ce koriyar mesar bishiya, Morelia viridis, ta tsibirin Niyu Gini da arewacin Ostareliya. A cikin mesoshin kiwo babu wadda launinta ke juyewa kamarta, zan zo kanta a gaba.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Kada ka tsinci ƙaramin maciji mai zane a gona ka ce ka samu mesa. Kasa ma gajera ce mai kauri mai zane, kububuwa kuma ita ta fi kowane maciji kai mutane asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Bayan haka, cinikin mesa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da ake tsoron ƙarewarsu, Nijeriya ma tana da dokarta ta kare namun daji tun 1985. Nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, ka kuma tambayi hukumar kula da namun daji ta jiharka abin da doka ta yarda da shi.

In saya za ka yi, nemi ganin iyaye

Launin jaririya aro ne. Mai sayarwa ya san haka, shi ya sa yake ɗaukar hoto washegarin saɓa, wani har ya fesa mata ruwa don ta ƙara sheƙi. Ka ce a nuna maka uwa da uba, ko aƙalla hotonsu a hasken rana. Yadda suke, kusan haka taka za ta koma.

Wannan ya fi muhimmanci in mesar tana cikin irin da masu kiwo suka ware saboda launi. Tun da Bob Clark ya ƙyanƙyashe zabiyar wannan ƙaramar mesa a Amurka a 1992, sai Peter Kahl ya fitar da mai dabbare-dabbaren fari a 1997, launuka suka yi ta yawa har ba sa ƙirguwa, kuma kowanne da yadda yake tsufa. Wadda ake kira fastel tana fitowa da rawaya mai haske da kai fari-fari, amma da yawansu suna dusashewa zuwa ruwan ƙasa in sun girma. Wadda aka haifa ba rawaya ko kaɗan, baƙi da ruwan toka kamar tsohon hoto, ita ma sau da yawa ruwan ƙasa yana shigarta da shekaru. Wadda ake wa laƙabi da ayaba tana fara rayuwa da rawaya da shunayya mai haske, sannan ɗige-ɗigen baƙi su riƙa fito mata kamar ayabar da ta nuna sosai. Zabiya tana zuwa da rawaya mai ƙarfi a kan fari tas, daga baya rawayar ta yi sanyi, iyakar da ke tsakaninsu ta rage kaifi. Mai dabbare-dabbare farinta yana nan inda yake, wurin zanen ne ke ƙara duhu. Akwai kuma 'yan kaɗan da suke tafiya akasin haka, kamar wadda suka laƙaba wa fatalwar hamada, wadda ke ƙara haske da tsabtar launi yayin da take girma. A ganina, in dai don launi za ka biya kuɗi mai yawa, irin wannan ce ta cancanta.

Buɗe littafi tun ranar farko

Sayi ƙaramin littafin rubutu na 'yan makaranta ka ajiye kusa da akwatin. A shafin farko rubuta ranar da ta zo, ranar ƙyanƙyasarta in mai kiwon ya sani, da nauyinta. Sikelin kicin mai auna giram ya isa: ɗora roba mai murfi, mayar da sikelin sifili, sa mesar a ciki. Sabuwar ƙyanƙyasa ba ta cika wuce giram 60 zuwa 100 ba. Daga nan duk abin da ya faru ka rubuta: ranar da ta ci, ranar da ta ƙi ci, ranar da ido ya yi shuɗi, ranar da ta yi saɓa, da ko saɓar ta fita ɗungurungum ko gutsi-gutsi.

Nauyin yana da amfani domin launi ya fi bin girman jiki a kan ƙidayar watanni. Mesa biyu da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, wadda ta fi ci ta fi saurin saɓa, kuma ita za ta riga sauya launi.

Hoton da za a iya kwatantawa

Nan ne mutane suka fi kuskure, don haka zan daɗe a kai. Hoton da ka ɗauka da daddare a ƙarƙashin ƙwan lantarki da wanda ka ɗauka da rana a tsakar gida za su nuna maka mesa biyu daban, alhali ɗaya ce. Wayoyin yanzu kuma suna ƙara wa hoto launi da kansu ba tare da sun tambaye ka ba.

Ga yadda nake yi. Ina jira sai kwana ɗaya ko biyu bayan saɓa, lokacin da fata take sabuwa. Ba na taɓa ta in ta ci abinci cikin kwana biyun da suka wuce, don ɗaukar mesa da cikakken ciki yana sa ta amayar da abin da ta ci. Da hantsi nake fitowa da ita, a inuwar baranda, wuri ɗaya kullum, ba cikin rana tsaka ba. Ina shimfiɗa farin ƙyalle ɗaya da na ware don haka, in ajiye murfin wata roba mai launin rawaya a gefe. Murfin nan shi ne shaidata: in ya fito da launi daban a hoton bana da na bara, na san haske ne ko waya ta sauya, ba mesa ba. Ina kashe walƙiyar kyamara da duk wani gyaran hoto. Jikinta ya zama a bushe.

Hoto huɗu nake ɗauka. Na sama, da ke nuna gadon baya gaba ɗaya. Na gefe, inda launi mai haske ke hawowa daga ciki. Na saman kai, domin a yawancinsu kai ne ke fara yin duhu. Na huɗu shi ne na ciki, kuma shi ya fi duka amfani wajen gano ciwo. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka sa ta a roba mai garai-garai ka ɗaga, wani ya ɗauka daga ƙasa. Kada ka kifar da ita da ƙarfi.

Zaɓi wata alama guda a jikinta, misali zane na uku daga wuya ta gefen dama, ka riƙa duba ta a kowane hoto. Siffar zanen ba ta sauyawa har abada, yadda aka ƙyanƙyashe ta da shi haka za ta mutu da shi, sai dai ya faɗaɗa tare da jiki. Launin da ke cikinsa ne ke tafiya.

Koyi karanta saɓa

Mesa tana saɓarta ta farko kamar mako ɗaya zuwa kwana goma bayan fitowa daga ƙwai, kuma kafin nan ba ta cin komai. Tana ƙarama takan yi saɓa kusan duk mako huɗu zuwa shida, in ta girma tazarar ta ƙaru zuwa watanni.

Alamun suna zuwa bi da bi. Da farko ciki yana yin ruwan hoda mai haske, ko'ina daidai, launin jiki ya fara dusashewa. Sai ido ya yi shuɗin nan da ya firgita ɗan ƙanwata. Dalilinsa shi ne maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, kuma ruwa ne ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su. Bayan kwana uku ko huɗu idon ya washe, jikin ya ɗan dawo, har ka zaci ta yi saɓar ka rasa inda ta jefar. Ba ta yi ba tukuna. Sai bayan wasu 'yan kwanaki za ta goga hancinta a jikin kasko ko dutse, fatar ta tsage daga leɓe, ta zare jikinta ta bar ta a juye kamar safa. Gaba ɗaya abin yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu.

A cikin kwanakin nan kada ka yanke hukunci kan launi, kada ka ɗauki hoton kwatance, kada ka dame ta da ɗauka. Ba ta gani sosai, don haka ko mai sanyin hali tana iya kai sara. In ta ƙi abinci, ƙyale ta.

Abin da take buƙata a wurinka shi ne laima. A kullum iskar akwatin ta tsaya wajen kashi 55 zuwa 65 cikin 100, lokacin saɓa a ɗaga zuwa 70 ko sama kaɗan. A ƙasar Hausa wannan ne babban aiki, don a hunturu iskar Kano ko Damagaram tana bushewa ƙwarai, ta sauka ƙasa da kashi 20. A daji mesar tana tsira ne saboda ramin da take ciki yana da danshi ko da waje ya bushe. Kai ma yi mata rami: sami roba mai murfi, huda ƙofa a gefe ka goge bakin don kada ya yanke ta, zuba ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka matse, ko tsumma mai tsabta mai ɗan danshi. Sa babban kwanon ruwa mai nauyi da ba za ta kifar ba. Sayi ƙaramin ma'aunin laima na batir, kada ka dogara da ƙiyasi.

In ta gama, ɗauki saɓar ka warware ta a hankali. Duba wurin kai ka tabbatar murfin idanu biyu sun fita, duba ƙarshen wutsiya. Tsohuwar fatar da ta maƙale tana barin tabo mai ruwan toka a jiki, wanda sabon mai kiwo ke ɗauka sauyin launi ne, a wutsiya kuma tana iya shaƙe jini har ƙarshen wutsiyar ya mutu. Maganinsa shi ne ka sa ta a roba mai hudar iska da tawul mai ɗumi da danshi na kamar rabin awa, ta yi ta ratsawa ta cikinsa. Kada ka ɓare da farce, kada ka kai tsinke ko hantsaki kusa da ido, kada kuma ka shafa mata man kaɗanya ko man gyaɗa wai don ta yi sheƙi.

Za ka ga inuwar zanenta a jikin saɓar, mai duhu-duhu, amma ba rawaya ko kaɗan, don launin na can cikin fata mai rai. Kuma kada ka auna tsawonta da saɓa, tana miƙewa ta fi mesar tsawo.

Abin da za ka gani shekara bayan shekara

A fatar mesa akwai ƙwayoyi masu ɗauke da baƙi da ruwan ƙasa, akwai masu ɗauke da rawaya da ja, akwai kuma wasu da ba su da launi na kansu sai dai suna mayar da haske, su ne ke ba ta ƙyallin bakan gizo da kake gani bayan saɓa. Yayin da take girma, baƙin yana ƙaruwa yana shiga cikin wuraren haske. Ba kamar hawainiya ba ce da ke juyawa nan take. Tafiya ce ta watanni, kuma gado ne ke jan ragamarta.

A littafina, watanni shida na farko su ne na ƙuruciyar launi: baƙi tsantsa, rawaya tsantsa, iyaka a tsakaninsu kamar an ja da alƙalami. Daga nan zuwa shekara ɗaya da rabi sai saman kai ya fara duhu, 'yan ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa suka fara bayyana a cikin rawayar gadon baya, kowane ɓawo da ɗan duhu a bakinsa. Tsakanin shekara biyu da uku sauyin ya fi yawa: rawaya ta koma ruwan zuma, baƙin kansa ya sassauta ya zama ruwan makuba. Gefen ciki ne ya fi riƙe haskensa. Bayan nan abin ya lafa, sai ka jera hoton shekaru biyu ko uku kafin ka ga bambanci. Kuma akwai lokaci mai tsawo a gaba, don ƙaramar mesar nan, Python regius, tana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka, wata da aka ƙiyasta shekarunta 62 ta yi ƙwai 7 a 2020.

Babu abinci ko magani da zai dawo da launin jarirta. Wanda ya ce maka yana da shi, kuɗinka yake so. Abin da ke hannunka shi ne kada ka ɓata wanda take da shi. Ƙiba tana buɗe tsakanin ɓawon jiki har fatar ƙasa ta riƙa leƙowa, zanen ya yi kamar an wanke shi. Jaririya tana cin ɗan ɓera duk kwana biyar zuwa bakwai, babba kuwa duk mako biyu ko uku ya ishe ta, kuma kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. Ɓeran kiwo nake nufi. Na gida da na rumbu yana iya zama ya ci shinkafar ɓera, sannan ɓeran nan mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda haɗarinsa a kanka yake da iyalinka. Duk lokacin da ka taɓa mesa ko akwatinta, wanke hannu da sabulu.

In macen ta kai girman haihuwa, wajen shekara uku da nauyin giram 1,500, kana iya ganin ta yi wani haske na musamman a lokacin da ƙwai ke haɗuwa a cikinta. Na ɗan lokaci ne, yana wucewa.

Koriyar mesa, wadda ba a haifa koriya ba

Wannan kam in ba ka sani ba sai ka rantse an musanya maka. Tana fitowa daga ƙwai rawaya tsantsa kamar lemon tsami da ya nuna, ko ja kamar jan bulo, da 'yan ɗige-ɗigen fari da ruwan ƙasa. A ƙwai na uwa ɗaya ana iya samun duka biyun, kuma launin ba ya nuna mace ce ko namiji. Wajen wata shida zuwa shekara ɗaya sai kore ya fara shigowa. Masu bincike David Wilson da Robert Heinsohn da John Endler, da suka bi waɗannan mesoshi a dajin Kef Yok na Ostareliya, sun wallafa a 2007 cewa juyin yana faruwa ne in tsawonta ya kai kamar santimita 55. Ƙananan suna zama a bakin daji kusa da ƙasa, inda rawaya ke sajewa da haske da ganyaye iri-iri, manyan kuma suna hawa can saman bishiyoyi inda kore ne sutura.

Wasu suna gama juyewa cikin kwanaki ko 'yan makonni, waɗanda asalinsu tsibirin Biyak da ke kusa da Niyu Gini ne kuma suna iya ɗaukar shekaru, wasunsu ma su riƙe rawaya a jiki har girma. Da zarar ka ga ɓawo na farko ya yi kore, koma ɗaukar hoto kullum maimakon jiran saɓa. Amma ka ɗauka tana kan sandar da take naɗewa a kai a akwatinta, ta cikin gilashi. Ƙashin bayan jaririyar siriri ne ƙwarai, ɓamɓaro ta daga sanda yana iya karya ta, shi ya sa masu kiwonta ba sa ɗaukarta a hannu kafin ta shekara. Ni dai ba na ba mutumin Sakkwato ko Maraɗi shawarar farawa da ita. Dabbar kurmi ce mai son laima, hunturunmu da zafin bazararmu duka abokan gabarta ne.

Launin da ba na shekaru ba

Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce. Sauyin shekaru yana zuwa a hankali, yana kama gefe biyu daidai, fatar tana nan sumul, mesar tana ci tana yawo da daddare. Duk abin da ya fito cikin kwana biyu ko uku, a wuri ɗaya, ko ya zo da kumburi, ƙuraje, wari ko ƙin motsi, ciwo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Fara da ciki. Ruwan hodar saɓa yana shimfiɗe ko'ina, kuma ido yana biyo baya da shuɗi cikin 'yan kwanaki. In ka ga tabo-tabo masu ruwan ƙasa ko ja a bakin ɓawon ciki, wasu sun tashi kamar bororo, wannan ruɓewar fata ce, kuma shimfiɗa mai jiƙe da ƙazanta ke kawo ta. Ga inda mai neman laima yake faɗawa: iska ake so ta yi danshi, ba ƙasan da take kwanciya ba. Da damina ta taɓa kama Ɗorawa, tabo huɗu ƙanana kusa da wutsiya, hoton ciki ne ya nuna mini su tun ba su yi nisa ba. Na kwashe shimfiɗar gaba ɗaya, na wanke akwatin, na mayar da ita kan farar takarda busasshiya ina sauyawa kullum, likitan dabbobi ya ba da abin wankewa. Saɓa biyu suka tafi da tabon. In kuwa jan ya bazu a cikin kamar jini ya kwanta ƙarƙashin fata, ga kasala, to cutar ta shiga jini, a ranar za ka kai ta asibitin dabbobi.

Sai ƙuna. Mesa tana iya kwanciya a kan abu mai zafi har ya dafa mata fata ba ta gusa ba. Gefen ɗumi na akwatin ya tsaya wajen digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi 25 zuwa 27. Duk abin ɗumamawa da za ka sa a hunturu, haɗa shi da na'urar daidaita zafi, ka kuma kare ƙwan fitila da raga. A bazara matsalar juyewa take: ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu yana iya kashe ta, sai ka mayar da akwatin ɗaki mafi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da taga. Wurin da ya ƙone yana warkewa ya bar tabo fari ko mai duhu, ɓawon wurin a hargitse, kuma ba ya komawa yadda yake.

Na ƙarshe su ne ɗige-ɗigen baƙi. Akwai wasu 'yan ƙwari ƙanana kamar ƙuma da ke shan jinin maciji, suna taruwa a gefen ido, ƙarƙashin haɓa da tsakanin ɓawo. Mesar da ta kamu takan wuni a cikin kwanon ruwa, ka ga baƙaƙen ɗigo sun nutse a gindin kwanon. Mai kiwon mesar da ake wa laƙabi da ayaba ya fi kowa rikicewa a nan, tunda tasa dama ɗigon baƙi take yi da shekaru. Jiƙa farin tsumma ka shafa jikinta daga wuya zuwa wutsiya, ka buɗe a haske. Ɗigon shekaru yana cikin fata, ba ya fita, ba ya motsi. In ka ga wani abu a tsumman yana tafiya, ko ka murje shi ya bar jan jini, ware ta daga sauran dabbobi, zubar da shimfiɗar, ka nemi likita ya faɗa maka maganin da ya dace da maciji. Kada ka fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin, yana kashe mesa kafin ya gama da ƙwarin. Wadda aka kamo daga daji kuma sau da yawa tana zuwa da kaska, mai faɗi, a maƙale ƙarƙashin ɓawo har ka zaci zane ne.

In za ka je wurin likita, tafi da littafin da hotunan ciki na saɓa uku na baya. Sa mesar a jakar matashin kai mai tsabta, ka juya ɗinkin waje don kada zare ya naɗe ta, ka ɗaure bakin, ka sa jakar a roba mai hudar iska, kuma kada ka ajiye ta a bayan mota ko inda rana ke bugawa.